ƘAIƘAYIN DA YA ƘI TAFIYA: WANE MAGANI ZA A NEMA?

Yau zancenmu a kan ƙaiƙayi ne. Ba ƙaiƙayin gero ba, wanda a ke cewa ya koma kan masheƙiya, wannan da an yi wanka ya tafi. Wanda na ke nufi shi ne mai zaunawa a jikin mutum wata da watanni, wani ma shekara da shekaru, ya lafa ya tashi, ya hana yaro barci, ya hana uwarsa. Galibin mutanenmu kirci su ke ce da shi.

A ɗakunan shan magani na ƙasar Dambatta da Bichi da Kunci da Makoɗa da Tsanyawa, tambaya ɗaya ce ta ke ta maimaituwa, tun ba da hunturu ba. A ce, "Malam, na shafa na asibiti, ya tafi ya komo. Shin ba wani magani dabam?" Akwai. Waɗansu ma suna cikin ɗakinku, ba sai an je kanti ba. Amma kafin ka zaɓi magani, tilas ne ka san irin ƙaiƙayin da ka ke fama da shi, gama cuta uku ce mu ke haɗawa mu ba su suna ɗaya, maganin wannan kuwa ya kan ɓata waccan.

Ta fari ita ce ƙazuwa. Wani ɗan ƙwaro ne ya ke kawo ta, ƙanƙane ƙwarai, da ƙyar ido ya ke ganinsa. Tamatar ta kan haƙa rami cikin fata ta zauna, tana saka ƙwai biyu ko uku kowace rana. Tun a 1687 waɗansu masana biyu na ƙasar Italiya, Bonomo da Cestoni, suka gan shi da madubin ƙara girma, suka nuna shi ne tushen cutar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a kowane lokaci mutum miliyan 200 ko fiye suna ɗauke da ita, a 2017 kuma ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Ga yadda za ka gane ta. Susar ta fi tsanani da dare. Ƙurajen suna tsakanin yatsu, da wuyan hannu, da hamata, da cibiya, da ƙugu, da gaba. Babbar alama kuwa ita ce ba mutum ɗaya ke susa a gidan ba. A ƙasa irin tamu, inda gida ke jikin gida, yara biyar shida su kwana bisa tabarma ɗaya, a gida ko a makarantar allo, ba ta da wuyar yaɗuwa. Ba abin kunya ba ne, tana kama mai tsabta ma.

Ƙazuwa tana warkewa sarai. Akwai farin ruwan nan na kwalba da a ke bayarwa a asibiti, akwai man famatirin, akwai kuma ƙwayar ibamatin, wadda ba a ba mai ciki, ba a kuma ba yaron da bai kai kilo 15 ba. Idan ba a sami waɗannan ba, akwai tsohon magani mai araha, watau man farar wuta, kashi 5 zuwa 10 cikin 100, wanda a ke shafawa dare uku a jere. Yana da wari, yana ɓata tufa, amma yana aiki, har jariri da mai ciki a kan shafa wa. Wanda aka haɗa a asibiti ko a kemis na ke nufi, ba ka daka farar wuta da kanka ka kwaɓa da ka ba. Sharaɗin duka ɗaya ne: a shafe jiki duka daga wuya har tafin ƙafa, kowa da kowa a gidan rana ɗaya, har wanda bai fara susa ba, domin ƙwaron ya kan yi mako 4 zuwa 6 a jiki kafin a ji shi. Tufafi da mayafi a wanke da ruwan zafi a shanya a rana. Abin da ba ya wankuwa a ɗaure cikin buhun leda mako guda, gama ƙwaron ba ya wuce kwana uku da rai in ba jikin mutum. Bayan an gama, susa ta kan ci gaba mako biyu har huɗu. Wannan ba ya nuna magani bai ci ba.

Za ku ce, to darbejiya fa? Itacen nan daga Indiya asalinsa ya ke, can ma an daɗe ana wanka da ganyensa. A 1992 waɗansu likitoci na can suka gwada kwaɓin ganyen darbejiya da kurkum a kan mutum 814 masu ƙazuwa, suka ce kusan duka sun warke. Sai dai ba su ware waɗansu suka ba su wani magani don a gwada a gani ba, saboda haka ba a ɗauki maganar ta zama hujja ba. Ni abin da na ke gani, wanka da ruwan ganyen da aka dafa ya huce ba ya ɓarna, ya kan ɗan sanyaya jiki. Amma kada ka dogara gare shi ka bar gidanka cikin ƙazuwa. Man 'ya'yan darbejiya kuwa, kada a kuskura a ɗura wa jariri. Ya sha sa yara amai da suma, waɗansu har sun rasu.

Ta biyu ita ce makero. Shi zagaye ya ke yi kamar kwabo, bakinsa ya tashi, tsakiyarsa ta lafa, in a ka ne ya cinye gashi. Yana bin askar wanzami da mataji da hula. Na jiki man shafawa na makero ya ishe shi. Na ka sai an sha ƙwaya mako 6 zuwa 8.

Ta uku ita ce kircin gaskiya, a kansa kuwa za mu daɗe. Shi ba a ɗaukarsa, ko kun ci tuwo kwano ɗaya, ko kun kwana shimfiɗa ɗaya. Ya kan bi dangi, sau da yawa za ka tarar a gidan akwai mai fuka ko mai yawan atishawa. Ga jariri a kumatu ya ke farawa. Ga yaro da babba ya fi son lanƙwasar hannu, da bayan gwiwa, da wuya. Wurin ya bushe, ya yi toka-toka ko ya yi baƙi, in an daɗe ana susa ya yi kauri kamar ƙirgi.

Ku dubi katangar ƙasa. Muddin yaɓenta na nan da makuba, ruwan sama sai ya zube ya wuce. Ran da yaɓe ya fara ɓamɓarewa, ruwa ya sami hanya, sai katanga ta soma zaizayewa. To fatar mutum ma tana da nata yaɓen, wani maiƙo ne da ke tsare damshin jiki daga fita, ya kuma tsare ƙura da ƙwayoyin cuta daga shiga. Mai kirci yaɓensa ba shi da ƙarfi tun haihuwa. Shi ya sa in iskar hunturu ta taso, damshin iska ya faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, sai fatarsa ta tsattsage. Ta yi ƙaiƙayi, ya sosa, farce ya ƙara kankare yaɓen, ƙaiƙayi ya ƙaru. Haka abin ya ke ta juyawa.

Ku ji wannan da kyau. Ba maganin da ke tumɓuke kirci daga saiwa, ko a asibiti ko a kasuwa. Yara da yawa su kan rabu da shi in sun girma, waɗansu kuwa su zauna da shi. Wanda ya kafa lasifika ranar kasuwa yana cewa kwana uku zai raba ka da shi har abada, kuɗinka ya ke so. Abin da a ke iyawa shi ne a kwantar da shi, har mutum ya yi watanni bai tuna da shi ba. Rabin wannan aiki kuwa mai ne.

Man da ya fi sauƙin samu shi ne basilin, fari, wanda ba a sa masa turare ko launi ba. Man kaɗanya ma yana da kyau ƙwarai, in an sami tsantsarsa. Ki sansana, uwargida, in ya yi warin tsufa ko an gauraya shi da turare, bar shi. Man kwakwa an gwada shi a ƙasar Filifin a 2014 a kan yara 117 masu kirci har mako 8, aka ga ya rage musu ciwon sosai. Ko wanne ka zaɓa, fara gwada shi a ɗan wuri a hannu kwana biyu, in bai yi ja ko zafi ba sa'an nan ka shafe jiki.

Akwai mai biyu da zan ja muku kunne a kansu, na san kuwa waɗansu za su yi mamaki. Na ɗaya man zaitun. Abinci ne mai albarka, ba mai musun wannan. Amma a 2013, a Jami'ar Shafil ta Ingila, aka sa mutane suna ɗiga shi a hannu safe da yamma har mako 4, da aka auna sai aka tarar yaɓen fatar ya ragu, wurin ya ɗan yi ja. Saboda haka a ci shi, amma kada a mai da shi man shafawar mai kirci. Na biyu man gyaɗa, wanda ba gidan da babu shi a ƙasar Kano. Likitocin Ingila sun lura a 2003 cewa jariran da aka shafa wa mai mai gyaɗa a ciki bisa fatar da ta tsage, sun fi saura zama waɗanda jikinsu ke ƙin gyaɗa daga baya. Ga basilin, ga man kaɗanya, ba dalilin a yi kasada.

Yadda a ke shafawa ya fi irin man muhimmanci. Da an fito wanka, a ɗan dadanna jiki da tsumma mai laushi, kada a goge, sa'an nan a shafa mai nan da nan tun jiki na da laima. A sake da rana, a sake da dare. A shafa da yawa, ba ɗan lakace ba. Kuma kada a daina don an ga sauƙi, nan ne mafi yawan mutane su ke faɗuwa. Wa ya ke jiran katanga ta rushe kafin ya yi yaɓe?

Wankan kansa akwai gyara. Da sanyi mu kan so ruwa mai zafi ƙwarai, a lokacin da daɗi, amma yana narkar da maiƙon fata, bayan sa'a guda susa ta dawo ninki biyu. Ruwa mai ɗumi-ɗumi ya isa. A ajiye soso, a yi da tafin hannu. Sabulu kaɗan, a hamata da matsematsi da ƙafa kawai. Sabulun salo da toka a ke yinsa, yana da kaifi, yana busar da fatar mai kirci. Hakanan sabulun da a ke ce wa na magani, da ruwan kashe ƙwayoyin cuta da a ke ɗigawa a bokiti. Garin sabulun wanki kuwa na tufa ne, kada a yi wa yaro wanka da shi, tufar ma a ɗauraye ta sosai. Rigar da ke taɓa fata ta zama ta auduga, in za a sa rigar sanyi a ɗora ta bisa. A yanke farce kowane mako. In susa ta taso da dare, a jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan randa a ɗora minti goma, a shafa mai a bisa. Ƙwayar Piriton ta kan sa barci, wannan ne amfaninta a nan, ba ta warkar da fatar, kada kuwa a ba ƙaramin yaro sai da izinin malamin asibiti.

To, in wurin ya riga ya tashi, ya yi kauri yana ci kamar wuta, mai kaɗai ba ya kashe shi. Nan ne a ke bukatar man asibiti mai suna haidirokotizon, wanda aka fara shafa wa masu ciwon fata a Amurka a 1952. Ba abin tsoro ba ne in an bi ƙa'ida. A matso shi daga kan ɗan yatsa zuwa gaɓar fari, wannan ya isa wurin da ya kai faɗin tafin hannun babba biyu. A shafa a kan ciwon kaɗai, sau ɗaya ko biyu a yini, mako ɗaya zuwa biyu, sa'an nan a tsaya a ci gaba da basilin. In ya komo bayan wata biyu, ba maganin ne ya gaza ba, halin cutar ke nan, sai a sake.

Abin tsoro shi ne ɗan'uwansa na kemis, man nan mai haɗi uku da a ke sayar wa kowa ba takardar likita, a ce yana maganin kowane irin ƙurji. Duba jikin kwalin, ko ka ba ɗan makaranta ya duba maka. In ka ga an rubuta Clobetasol ko Betamethasone, to ka san ƙarfinsa ya wuce na haidirokotizon nesa, na farin ma sau ɗaruruwa. Kwana biyu susa ta tsaya, shi ya sa a ke sonsa. Amma in aka ɗauki watanni ana shafawa, fata ta kan yi siriri har a ga jijiya, ta yi nankarwa wadda ba ta ɓacewa, ta yi fari dabbare-dabbare. In makero ne, sai ya ɓoye zagayensa ya bazu. In ƙazuwa ce, susa ta ragu, ƙwaro kuwa ya yi ta haihuwa. Jariri ya fi kowa shan wuya, gama fatarsa tana tsotse maganin zuwa cikin jini, fuskarsa ta kumbura kamar ƙoshin lafiya, alhali girmansa ya tsaya. Uwargida, kada ki zuba wannan mai cikin man shafawar ɗanki, ko da maƙwabciya ta ce ita haka ta ke yi. Ƙwayoyin nan da a ke kira sha-ka-fashe, da yawansu dangin wannan magani ne. Suna kwantar da ƙaiƙayi, su bar mutum da hawan jini da ciwon suga da raunin ƙashi. Wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke rana ɗaya, wannan ma hatsari ne, ya zo a rage masa sannu sannu.

Baƙin man inji, da kananzir, da ruwan batir, da maganin feshin gona, da fiya-fiya, ba na tsayawa dogon bayani a kansu. Suna ƙona fata, na feshi kuma ya ratsa ta ya shiga jiki ya kashe mutum. Tsaga da ƙaho a kan wurin ciwo ƙofa su ke buɗe wa ƙwayar cuta. Maganin wankin ciki kuwa ba ya kai wa fata, domin kirci ba dattin ciki ba ne, sai dai ya bar yaro da zawo.

Sai zancen abinci. A kan ce a hana yaro ƙwai, a hana shi nono, da kifi, da wake, da gyaɗa. Gaskiya ne akwai ɗan yaron da wani abinci ke tayar masa da ciwon, amma ba su da yawa, alamar kuma ba ta ɓuya: in ya ci, kafin sa'a biyu jiki ya yi ruɗu-ruɗu, ko leɓe ya kumbura, ko ya yi amai. In kun ga haka ku kawo shi. In ba haka ba, ku bar yaro ya ci abincinsa. Wanda aka hana duk waɗannan ya koma kunu da tuwo zalla, kirci bai tafi ba, ga tamowa ta shigo, ita kuwa tana kisa. Mai shayarwa kada ta yaye ɗanta saboda kirci.

Ga babba wanda abin ya same shi da girma, a wuri ɗaya tak, ya tambayi kansa me ke taɓa wurin. Magini ya dubi siminti. Manomi ya dubi takin zamani da ya ke watsawa da hannu, da takalmin roba. Mace ta dubi ɗan kunne da sarƙa na ƙarfe, da man bilicin, da baƙin dayis da a ke haɗawa da lalle. Irin wannan maganinsa rabuwa da abin, ko sa safar hannu. Mai shafe-shafe bai daina taɓa abin ba, aikin banza ya ke yi.

Yanzu ga lokacin da za a bar dabarun gida a taho asibiti ran nan. In wurin ya fara ruwa, ko mugunya, ko ɓawo mai launin zuma. In ƙananan ƙuraje masu ruwa sun fito da yawa farat ɗaya tare da zazzaɓi. In ya kai ga fatar ido. Sa'an nan wanda na fi so ku riƙe: yaron da ya yi gyambon susa, ko na kirci ko na ƙazuwa, bayan mako biyu ko uku aka ga fuskarsa ta kumbura da safe, fitsarinsa ya ragu ya yi ja kamar ruwan shayi, to ƙwayar cutar gyambon ta taɓa ƙoda. Kada a kwana da shi a gida. Haka kuma babban da jikinsa duka ke ƙaiƙayi ba ƙurji ko ɗaya, ko idonsa ya yi rawaya, ko yana ramewa, a auna jininsa, gama hanta da ƙoda da ƙanjamau duk su kan fara magana ta fata. Tabon da ya yi fari-fari, ba ya ƙaiƙayi, in an taɓa shi da auduga ba a ji, wannan a duba kuturta. Maganinta kyauta ne, tana kuwa warkewa, asibitin Yadakunya sun daɗe a kan wannan aiki.

Wanda ya yi wata biyu yana bin abin da na faɗa bai ga sauƙi ba, ya nemi takarda daga ɗakin shan magani zuwa babban asibitin Dambatta ko na Bichi, in ta kama a tura shi Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, inda likitocin fata su ke. Suna da waɗansu mayukan da ba dangin haidirokotizon ba, da ƙwayoyin da sai ana auna jini a ke shansu. A ƙasashen waje har allura ta fito tun 2017, sai dai tsadarta ta fi ƙarfin talaka. Ran da za ku taho, ku zuba duk abin da kuka taɓa shafawa ko sha cikin leda ku zo da shi, da kwalin da ya ƙare, da ƙullin garin mai magani, da sabulun wanka. Ba don a yi muku faɗa ba ne. Fatar da aka daɗe ana shafa wa mai haɗi uku ta kan sāke kama, sai malamin asibiti ya ga kwalin kafin ya gane cutar da ke ƙarƙashi.